Aikin Bahaguwa

Michiyo Shibaike ba ta taɓa ganin mahaifiyarta da ko 'yan kunne ba. Sumie mace ce da ta yi shekara arba'in da shida a gidan aure a Kishiwada, wani gari a Japan, kullum cikin riga mai ruwan toka, ƙyallen girki ɗaure a ƙugu, ba zobe ba sarƙa. Shi ya sa da ta rasu aka zo kwashe kayanta, Michiyo ta yi sororo da abin da ta tarar a ƙasan durowa: wani tsohon gwangwanin shayi, a cikinsa auduga, a cikin audugar kuma ganyen fure ƙwaya ɗaya wanda bai wuce farcen babban yatsa ba. Ƙananan lu'ulu'u ne na gilashi, kamar ƙwayar gero, aka jera a siririn zaren tagulla, aka lanƙwasa shi ya yi siffar ganye, aka murɗe jelarsa. Ba a maƙala shi a jikin komai ba, ba kuma tsinkewa ya yi ba. Da ganinsa ka san haka ya fito daga hannun mai shi.

Ta kai wa ƙanwar mahaifinta. Tsohuwar ta kalla sau ɗaya ta miƙo mata.

"Ta ɗan taɓa aikin duwatsun ado a garin Izumi kafin ta shigo gidanmu. Ba maganar da ake yi ba ce."

"Don me, Goggo?"

"Don ba a yi, shi ke nan. Sha shayinki."

Daga nan abin ya kama Michiyo. A lokacin tana da shekara arba'in da biyar, tana dafa wa 'yan firamare abincin rana, ba ta san bambancin tagulla da dalma ba. So kawai take ta ga furen da aka yi wannan ganye dominsa. Duk ranar ashirin da ɗaya ga wata, in ba ta faɗo ranar aiki ba, sai ta hau jirgin ƙasa zuwa kasuwar tsofaffin kaya da ke ci a harabar haikalin Shitennoji, ta tsugunna gaban tabarmin masu kaya tana tone akwatunan da kowa ya wuce. Sannu a hankali idonta ya buɗe. Ta koyi juya abu ta dubi bayansa kafin fuskarsa. Ta koyi gane shekarun sarƙa daga maƙallinta, da bambanta gilashi da roba ta hanyar ɗan ƙwanƙwasa shi a haƙori. Ta sayi gilashin nan na masu gyaran agogo, ta rataya a wuya.

Ta kuma sayi littattafan masu tara irin waɗannan kaya, manya masu nauyi, tana karantawa da ƙamus a gefe. Cike suke da hotunan masu kamfanoni na New York da Providence, mata da huluna, maza da sigari a baki, an faɗi inda aka haifi kowa da wanda ya aura da shekarar da ya canza tambari. Amma in aka zo kan lu'ulu'un, layi ɗaya ake ba shi: an yi odarsa daga Japan. Michiyo takan daɗe a kan wannan layin tana kallo.

Da 'yarta ta koya mata saye ta intanet, sai ƙananan kwalaye suka fara zuwa daga Amurka. Mijinta Noboru, wanda ya yi ritaya daga tuƙin bas, shi ke karɓa a ƙofa.

"Maigida sarautar mata," yakan ce da kansa, "an mayar da kai ɗan aike. Ke, fito, kayan wata tsohuwar Baturiya sun iso. Wannan karon ma da warin turarenta."

"Ajiye min a hankali."

"A hankali? Abin da ko ɓarawo ya shigo zai bar mana shi, ya ɗora mana da nasiha?"

"Kai da ka cika min baranda da tukwanen itatuwan da ba sa girma."

"Ba sa girma ne da gangan!"

Shekara goma sha ɗaya ana haka. Akwatunanta suka kai bakwai, kowane abu da 'yar takardarsa. Ta ga ganyaye iri-iri, masu kaifin baki da masu zagaye, amma babu wanda ya yi daidai da na gwangwani. Har ta fara gaya wa kanta cewa wataƙila gwaji ne kawai, ba a taɓa yin furen ba.

Wata safiyar Talata a farkon bazara, kwali ya zo daga wani gari a Ohio. Tarkace ne ta saya a dunƙule saboda wasu 'yan kunne da ta hango a hoto. A ƙasan ledar, nannaɗe cikin hankici, akwai fil na ado irin wanda mata ke maƙalawa a ƙirjin riga. Fure ne mai ganye shida, tsakiyarsa gilashi mai ruwan zuma, a bayansa tambarin wani ƙaramin kamfani, Lorvane, wanda littattafan suka ce ya rufe tun kafin a haife ta. Ta tashi ta ɗauko gwangwanin, ta ajiye ganyen kusa da furen a kan farin ƙyalle, ta ƙirga lu'ulu'un da ke kowane ganye. Goma sha tara a nan, goma sha tara a can. Ta juya bayan ta sa gilashi a ido. Murɗin zaren iri ɗaya ne, kuma duk hagu ya yi, ba dama ba kamar yadda ta saba gani.

Noboru ya leƙo ya tarar da ita dafe da baki.

"Lafiya?"

"Hannun Inna ne," ta ce. "Ya je Amurka ya yi shekara sittin, ya dawo."

Bai yi zolaya ba ranar. Ya kashe murhun da ta manta a kunne, ya zo ya zauna kusa da ita.

Sati na zagayowa ta tafi Izumi. Gidajen da ke wannan aiki sun ƙare sai 'yan kaɗan. Ta sami ɗaya a bayan tasha, inda wani dattijo mai suna Hazama yake tsoma duwatsun gilashi, jere a kan tsinke, cikin wani ruwa mai kauri mai ƙyalli. Warin wurin ya sa idonta ya kawo ruwa. Ya dubi fil ɗin, ya gyaɗa kai.

"Duwatsun namu ne, na unguwar nan. A lokacin da ɓawon kifi ake shafe su, ba irin na yanzu ba, shi ya sa kika ga sun yi wannan ruwan madara. Amma murɗin ba aikin maza ba ne. Mata ke yi a gida, ana kai musu a keke. Ki je wurin tsohuwa Tamako, gidan da ke bayan mai gasa nama, kusa da layin dogo. In ba ta sani ba, to babu wanda ya rage. Ki ɗaga murya, kuma kada ki ji haushi in ta zage ki. Kowa take zagi."

Ta tarar da ita a tsakar ɗaki zaune a ƙasa, ƙafa ɗaya a miƙe, tana ɓare tafarnuwa cikin kwanon roba, talabijin na ta ihu. 'Yar ƙarama ce, gashinta fari fat, an yanke shi gajere. Surukarta ce ta shigo da baƙuwar, ta rage ƙarar talabijin, ta koma shago.

Michiyo ta durƙusa, ta gaishe ta, ta miƙa kwalin alewar wake da ta zo da shi.

"Daga ofishin tsofaffi kike? Na ce musu ba na zuwa rawar tafin nan tasu."

"A'a, Kaka. Ni 'yar Sumie ce. Sumie Hatanaka, kafin ta yi aure. An ce kun yi aikin duwatsu tare."

Hannun tsohuwar ya tsaya. Ta ƙura mata ido har Michiyo ta sunkuyar da kai.

"Goshin ne," ta ce. "Tana nan?"

"Ta rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan."

"Hm." Ta ɓare wata tafarnuwar, ta jefa a kwano. "To me ya kawo ki?"

Michiyo ta shimfiɗa ƙyalle, ta fito da fil ɗin. Tsohuwar ta goge hannu a cinya, ta ɗauka, ta kai shi saitin taga.

"Mene ne wannan?"

"Furen da kuke yi wa ganye, Kaka."

"Wannan? Ashe haka yake!" Ta juya shi, ta sake juyawa. "Kin san ban taɓa ganinsa ba? Ganye kawai muke yi. Da safe a kawo duwatsu da zare, da yamma a kwashe ganye a kwali. Mu a zatonmu a hula ake liƙa su. Har musu muka yi, wata ta ce na kabarin masu kuɗi ne." Ta yi dariya, bakin ba haƙora sai biyu. "Tabɗi. Ashe a ƙirji suke sa wahalarmu."

Michiyo ta buɗe gwangwanin da hannu biyu.

"Wannan kuma a kayan Inna na samu. Murɗin iri ɗaya ne. Na zo ne ki ba ni labarin yadda take aikinta."

Tsohuwar ba ta karɓa ba. Ta dube shi daga inda take, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Can ta ce:

"Ke, uwarki bahaguwa ce?"

Michiyo ta tuna baya. Ta ga hannun mahaifiyarta riƙe da wuƙa, riƙe da ludayi, riƙe da allura. Duk dama. Shekara goma sha ɗaya tana duban murɗin nan da gilashi, ba ta taɓa yi wa kanta wannan tambayar ba.

"Uwarki," in ji tsohuwar, "ban taɓa ganin hannu marar kan gado irin nata ba. Ganyenta kamar akuya ta tauna ta tofar. Wata uku mai kayan da muke wa aiki ya yi haƙuri, daga nan ya ce ta bar masa zarensa, ya ba ta keke. Ita ke kawo mana aiki ta kwashe. A keke kam ba dama, ta fi maza gudu, siket a ɗaure da igiya, tana waƙa."

"Inna? Waƙa?"

"Da muryar da za ta tashi matattu. Wannan kuwa," ta nuna gwangwanin da haɓa, "aikin ƙanwata ne. Ita kaɗai ce bahaguwa a layinmu. Ganyen furen nan naki ma duk shidan nata ne."

Michiyo ta ji kamar an zare tabarma daga ƙarƙashinta. Ta zo ne da hannun mahaifiyarta a jaka, ga shi an ce ba nata ba ne. Amma tsohuwar ba ita take kallo ba.

"A wurin aiki Fukuko ake ce wa ƙanwar tawa, kamar yadda ake ce min Tamako. A gida Pok-sun ce. Iyayenmu daga Koriya suka zo kafin yaƙin duniya na biyu, rabin layin nan duk mu ne. Uwarki ba ta damu da wannan ba. Kullum tana ɗakinmu, ta ci barkononmu tana hawaye tana ƙari. Ita da Pok-sun kamar an ɗinke su. In ta kawo kaya sai ta jingine keken ta zauna, ɗaya na murɗa zare, ɗaya na zuba surutu, har mai kaya ya aiko nemanta."

"Tana ina yanzu, Kaka?"

Tsohuwar ta ja kwanon tafarnuwa gabanta, ta ture shi kuma.

"Shekarar da jiragen ruwa suka fara kwasar mutanenmu daga tashar Niigata zuwa Koriya ta Arewa, aka yi ta yawo gida-gida ana cewa can akwai makaranta kyauta, akwai aiki, ba mai kiranka da sunan banza. Pok-sun tana da shekara ashirin, kanta na ja, so take ta karanta aikin zane. Ta ce a nan za ta tsufa tana murɗa ganyen furen da ba za ta taɓa gani ba. Na ce mata mu mutanen Kudu ne, wa kika sani a can? Ta ce ni wa na sani a nan? Muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na ce in ta tafi kada ta rubuto min." Ta dubi ƙofa. "Ranar tafiya ban je tasha ba. Na zauna a nan, a ɗakin nan, ina aiki. Uwarki ce ta je. Ta yi wa iyayenta ƙarya ta hau jirgi zuwa Osaka ta raka ta."

Jirgi ya wuce a bayan gida, tagogi suka yi rawa. Suka jira ya wuce.

"Washegari ta zo ƙofar nan, idonta a kumbure, hannunta a dunƙule. Ta ce, Yaya, ta ba ni saƙo. Na ce ta kai wa wanda ya aike ta. Na ja ƙofa. Ta sake zuwa sau biyu, ban buɗe ba. Bayan shekara biyu na ji an yi mata aure a Kishiwada, gidan ma'aikatan gwamnati, irin gidan da ba a cewa an taɓa cin abinci a layinmu."

"Ita Pok-sun ɗin ta rubuto?"

"Sau uku ta rubuto wa mahaifiyarmu. Ta ce suna lafiya, a aiko da sabulu da allura. Daga nan shiru." Ta juyo ta kama hannun Michiyo, yatsunta masu ƙarfi, suna warin tafarnuwa. "Ke, ba ta taɓa faɗa miki ba? Abin da aka ce ta gaya min? Ko kalma ɗaya?"

Michiyo ta lalubi duk abin da ta sani na mahaifiyarta, ta rasa. Ta so ta ƙirƙiro wani abu, har kalmomin sun zo bakinta: ta ce ta yafe miki. Da ta faɗa, babu mai ƙaryata ta a duniya. Amma idon tsohuwar a kanta yake, ido ne da ya yi shekaru yana tsince dutse mai tabo daga cikin dubu.

"Ba ta taɓa ba, Kaka. Ko sunanta ban taɓa ji ba sai yau."

Tsohuwar ta sake ta. Ta gyaɗa kai a hankali.

"Haka ne. Sumie ba ta da hannu, amma tana da zurfin ciki."

Michiyo ta tura gwangwanin gabanta. Ba ta yi shawara da zuciyarta ba, don ta san in ta tsaya shawara ba za ta iya ba.

"Ina jin wannan ne a hannunta ranar. Naki ne."

"A'a. Sau uku aka kawo min na ƙi. Wadda ta riƙe shi shekara hamsin ita ce mai shi, ke kuma 'yarta ce. Ɗauke." Ta ɗaga fil ɗin. "Wannan dai za ki bar min, in gaji da kallo. Aro na ce, kada ki yi min wannan fuskar."

A jirgin komawa Michiyo ta tsaya a bakin ƙofa ko da yake akwai kujeru. Tana kallon ƙananan tituna suna wucewa, tana ƙoƙarin ɗora matar nan mai riga ruwan toka a kan keke, da siket a ɗaure, baki buɗe. Abin ya ƙi zama. Sai da suka kusa Kishiwada ta tuna wata rana tana ƙarama, sun dawo daga asibiti, mahaifiyarta ta goya ta a bayan keken maƙwabta, suka gangaro tudun makaranta ba ta taɓa birki ba. Ta tuna ta yi kuka, uwar kuma tana dariya. Da suka iso gida aka ce kada ta gaya wa Baba.

Noboru ya saurari labarin duka bai katse ta ba. Da ta gama ya ce, "To yanzu sai a daina tara tarkacen?"

"Yanzu ma na fara."

"Na shiga uku," ya ce, ya tashi ɗora ruwan shayi.

Bayan wata guda ta koma da akwati ɗaya daga cikin bakwai ɗin. Ta tarar tsohuwar ta maƙala fil ɗin a kan rigar sanyinta ta gida, wadda duk ta sha miya, kuma ba ita kaɗai ba ce a ɗakin. Ta aika an kira mata wasu tsofaffi uku na layin, ɗaya a keken guragu. Aka baje kayan a kan tebur. Wuri ya kaure.

"Wannan na gidan mai tabarma ne, dubi yadda take matse zare kamar tana jin haushinsa."

"Ƙarya kike, makauniya! Nawa ne."

"Naki? Ke da ba ki iya ƙirga goma sha biyu ba?"

"Wannan na Haruno ne, wadda ta gudu da mai gyaran rediyo."

"Ba gudu ta yi ba, aure suka yi."

"Bayan sun gudu!"

Michiyo ta buɗe littafi tana rubutu, hannunta ba ya cim musu. Wani abin su yarda baki ɗaya, wani su rabu biyu, wani kuma duk su ce ba na unguwar nan ba ne. Ta rubuta har da musun. Ta san babu mai littafi a Amurka da zai karɓi wannan a matsayin hujja, abin bai dame ta ba.

Da aka zo kan furen mai ganye shida ba wadda ta yi gardama. Michiyo ta ɗauko sabuwar 'yar takarda, ta rubuta sunan kamfanin da shekarar, ta tsaya.

"Kaka, wane suna zan sa? Fukuko?"

"Fukuko mai kaya ne ya laƙa mata don harshensa ba ya juyawa. Ba ni nan."

Ta karɓi alƙalamin, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa takardar, ta rubuta sunan da haruffan Koriya, a hankali, harshe a waje kamar 'yar aji ɗaya. Michiyo ba ta iya karanta su ba. Ta sa aka maimaita mata sau uku, ta rubuta yadda ake faɗa a ƙasa.

"Kin karkatar da shi," in ji ta keken guragu.

"Ke kuma wa ya tambaye ki? Miƙo min wancan na shuɗin. Ke, 'yar Sumie, wata mai zuwa ki zo da akwati biyu, kuma kada ki sake kawo alewar nan, tana manne min a dasashi."